Sandar Kawu Mati Ba A Gidan Mesa Ta Faɗi Ba

Duk wanda ya san Kawu Mati ya san bai taɓa wuce ruwa bai tsoma masa sanda ba. Ruwan kanal ne, ruwan randa ne, ko wanda mata suka tara a bahon wanki, sai ya tsaya, ya tsoma, ya zaro, ya kawo ta dab da hancinsa kamar mai karatun wasiƙa, ya duba inda laima ta tsaya cikin tsage-tsagen da ya yi mata da wuƙa. Sannan ya girgiza kai. Ni dai ban taɓa ganin ya auna ruwa ya gamsu ba. In kuwa ya ga ruwa na gudu ba da saninsa ba, kun san abin da ke biyowa. Har yanzu ina jin muryar:

"Wa ya buɗe?"

Tun ba a haife ni ba shi ke rabon ruwa a gonakin rani na Jiratawa. Shi ke cewa yau layin su wane, gobe layin su wane. Ya buɗe ƙofar kanal, ya kafa sanda, da ruwa ya kai tsaga ta uku ya rufe, ko da mai gonar zai kwanta a ƙasa yana birgima. Albasarsa ta kansa ta taɓa yin yaushi, aka ce ya ƙara mata ko kaɗan tunda makulli na hannunsa. Ya ce, "Albasar Mati ba ta hi ta kowa ƙishirwa ba." Ta mutu, ya ci tuwo da miyar kuka babu albasa har damina, yana yi mata kirari.

Ranar sunan ƙanena ma kuna nan. Ya zo gidanmu a Sabon Gari, aka shimfiɗa masa tabarma, aka ajiye masa tuwon shinkafa da nama, sai ga pamponmu na ɗiga. Ɗis. Ɗis. Bawan Allah ya kasa kai loma baki. Ya dubi tuwo, ya dubi pampo. Can ya miƙe, ya zare mazagin wandonsa, ya naɗe bakin pampon tam, ya dawo ya ci abincinsa hankali kwance. Haka ya koma Jiratawa a bayan kabu-kabu, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan riƙe da sanda. Mai babur ya ce, "Baba, riƙe ni mana kada ka faɗi." Ya ce, "Da wane hannun?"

Ni ce Balki, ɗiyar Hajo ƙanwarsa. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinsa, kuma a wurin na ji manoma na tambayar inda sandar take, don rani ya kama, suna so a miƙa wa wanda zai gaje shi. Baba Shaibu na Tsibiri, taubashinsa, wanda ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya ce, "Ku je gidan mesa a Wida ku tambaya, can ya yar da ita ya ruga!" Aka kwashe da dariya, har da masu hawaye a ido. Ni ban yi ba. Labarin nan ƙarya ne, kuma Kawu ne da bakinsa ya ƙirƙira shi saboda ni. Ya sa na yi rantsuwa ba zan faɗi gaskiya ba muddin yana da rai, domin in Inna ta ji, karatun da nake son tafiya yi a Yamai ya sha ruwa. To yau ba ya da rai, kuma ba zan bari a riƙa tuna shi da gudun da bai yi ba. Ku yi haƙuri in rubutun ya karkace.

Ga yadda aka yi.

Yaya Lawali, babban ɗan Kawu, yana Kwatano yana aikin fiton motoci a tashar jiragen ruwa. Shekara da shekaru yana roƙon ubansa ya zo ya ga teku. Kawu ya ce wa zai bar wa ruwa? Sai bana da damina ta zauna sosai ya ce, "To, yanzu Allah ne ke rabo da kansa, ni ina hutu. A tahi." Ni kuma na gama jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare, ina zaune gida, aka ce in raka shi tunda ina jin Faransanci. Inna ta ƙi, ta ƙi, sai da Kawu ya zo da kansa.

Ta ce, "Yaya Mati, ka san ni da ruwa. Yarinyar nan ko Gulbin Maradi ba ta taɓa shiga ba."

Ya ce, "Hajo, ni za ki koya wa ruwa? Ko ɗan yatsan ƙafarta ba ya taɓa shi."

"In ya taɓa fa?"

"In ya taɓa, ki ɗaure ta a gindin turmi, ba Yamai ba ko Tsibiri kada ta je."

Inna ta ce ta ji, kuma ta riƙe. Kun san Inna da riƙo.

Kayan tafiyar Kawu uku ne: sanda, ƙullin busasshen zogale, da bidon, wato jarka, cike da ruwan Jiratawa. Mai ɗora kaya a kar, babbar motar fasinja, ya ce, "Baba, ruwa za ka kai bakin teku?" Ya ce, "Ka taɓa sha nasu?" Ya ce a'a. "To rufe mini baki." A kan cinyarsa bidon ɗin ya yi tafiyar nan duka. Da muka iso Gaya ya hango kogi shimfiɗe yana ta wucewa, ba kowa a kansa, sai ya ce, "Wanga kam an yi sakaci."

Kwana ɗaya muka huta a Kwatano, washegari Yaya Lawali ya ɗauke mu kallon gari. Ya nuna mana babbar kasuwa, Kawu ya ce albasarsu duk tamu ce ta riga mu zuwa. Ya nuna mana masu babur ɗin haya da rigunansu iri ɗaya, tuli, kamar an watsa tsaba, Kawu ya ce kabu-kabu ne dai da anko. Sai muka zagayo ta gefen tashar jirage, Yaya Lawali na ta fankama, "Baba, ka ga wancan jirgin? Ya fi unguwarmu tsawo. Motoci ne cikinsa hawa-hawa." Kawu ko kallon jirgin bai yi ba. Abin da ke ƙarƙashin jirgin yake kallo. Bakinsa a buɗe, hularsa ta zame baya.

Da ƙyar ya ce, "Lawali."

"Na'am Baba."

"Wa ya buɗe?"

"Baba, teku ne. Haka yake."

"Ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina."

"Mi suke nomawa da shi?"

"Ba a noma da shi, Baba. Gishiri ne."

Bai yarda ba sai da aka sami wurin da za a iya saukowa, ya tsoma sanda, ya lasa. Wayyo fuskar nan! Ya tofar, ya buɗe bidon ya kurkure baki, ya haɗiye kurkurar don kada ta lalace. Ya ce, "Ruwa har inda ido ya ƙare, ko tushen albasa guda bai shayarwa. Ni ko can ina faɗa da mutane kan rabin tsaga." Duk yinin ranar fushi yake da teku, ko inda yake bai ƙara dubawa ba. A mota ma ɗaya gefen ya koma.

Da gari ya sake wayewa aka ce sai Wida, tsohon garin bakin teku da baƙi ke zuwa kallo daga ko'ina. Muka sami wani mai zagayawa da baƙi, dogo, mai fara'a, yana bayani da Faransanci ina mayar wa Kawu. Farko ya kai mu gidan mesa. Ya ce mutanen garin na girmama su, ba a kashe su, in ɗaya ta fita yawo ta shiga gidan wani, a hankali ake ɗauko ta a maido. Kawu ya ja a'uziyya a bakin ƙofa, sannan ya ce, "Kallo dai ba bauta ba ne," ya cire takalmi ya shiga.

To ku saurara da kyau, musamman kai Baba Shaibu. Ɗaki ne zagayayye, ga su nan kwance a kan juna kamar igiyoyin guga. Ni ina bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Mai bayanin ya ɗauko ɗaya ya nufo mu da ita yana murmushi, wai a rataya a wuya a ɗauki hoto. Wanda ya ruga, Yaya Lawali ne. Eh, kai Yaya, taubashina, na faɗa! Mutum mai fiton manyan motoci ya yi tsalle ɗaya ya tsallake dakali, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a cikin ɗakin, kuma har muka bar garin bai yarda ya koma ɗauka ba, ko a ɗauko masa, wai mesa ta hau kai.

Kawu kuwa cewa ya yi, "Ki ce ya miƙar da ita." Aka miƙar. Ya jera ta da sanda, ya duba. "Tsaga biyar da ɗan yatsa. Wagga ce mesa? Wadda na fidda daga kanal bara ta haife ta." Aka rataya masa a wuya, ta naɗe ta leƙa cikin aljihunsa, shi kuwa tambaya yake ta yi: mi take ci, sau nawa take shan ruwa, wa ke ba ta. Na ɗauke shi hoto a wayata, yana tsaye ƙiƙam, mesa a wuya, sanda a hannu, fuska a murtuke kamar mai jiran a kawo ƙara. Da hoton nan na nan da ban sha wahalar rubutu ba. Za ku ji inda wayar ta shiga.

Daga nan muka bi wata doguwar hanya mai jan ƙasa zuwa bakin teku. Yaya Lawali ya sauke mu, shi ya juya cikin gari neman takalmi. A ƙarshen hanyar akwai wata babbar ƙofa tsaye ita kaɗai a kan yashi, ba gida a gabanta ba gida a bayanta, sai teku. Mai bayanin ya rage murya. Ya ce ta wannan hanyar ake koro bayi a ɗaure zamanin da, daga nan a zuba su a jirgi, shi ya sa aka gina ƙofar don tunawa, ana kiranta ƙofar da ba a komowa. Na mayar wa Kawu. Ya dubi ƙofar ya ce:

"Har da mutanenmu?"

Na tambaya. Mutumin ya ce daga ƙasashe da yawa aka kwaso su, har da na arewa.

Kawu ya gyara hula, ya miƙa mini bidon, ya taka ya shige ta ƙofar har ya fita ɗaya gefen. Ya tsaya. Ya juyo ya dawo. Ya dubi mai bayanin ido cikin ido ya ce, "Ki gaya mishi an komo." Ya sake shiga, ya sake dawowa. Ya sake. Wasu Turawa da ke wurin suka fara ɗaukarsa hoto, ni kunya kamar in nutse. Na ce, "Kawu don Allah ya isa, kallonmu ake."

Ya ce, "Bari, ɗiyata. Komo musu nike."

Sai da ya yi bakwai, yana haki, sannan ya ɗaga hannu ya yi musu fatiha. Mai bayanin, wanda ba Musulmi ba ne, shi ma ya cire hularsa. Muka yi sallama da shi a nan.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Azahar ta yi. Kawu ya ce kafin ya yi salla bari ya yi wa tekun nan awo na gaskiya, ya ga ko ƙaruwa yake ko raguwa. Ku da kuke Jiratawa kun san yadda ake yi: a kafa sanda a bakin ruwa, a tafi a yi wata hidima, a dawo a karanta. Haka ya yi. Ya gangara inda yashi ke da laima, ya kafa ta da ƙarfi, ya hauro. Ya yi alwala da ruwan bidon, ɗigo-ɗigo kamar mai zuba turare. Ya ce, "Tsare mini ita da ido. Kada ki matsa." Ya ta da salla can sama a busasshen yashi.

Mu mutanen tudu abin da muka sani, ruwa hanya ɗaya yake bi. Ya fito daga nan ya tafi can. In ya ƙaru, wani ne ya buɗe. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke zuwa ya koma, kuma in zai koma da abin hannunsa yake komawa. Akwai allo a wurin, daga baya na gan shi, an rubuta kada a shiga. Ni mai Faransancin ban karanta ba, ina can ina kallon hoton mesa.

Da na ɗaga kai, ruwa ya wuce sandar. Ya ja baya, na ga ta karkata. Wani ruwan ya zo, ta ƙara karkata. Na dubi Kawu, yana ruku'u. Sandar da ban taɓa ganinsa babu ita ba, wadda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba! Na ce a raina taku goma ne, in ruwan ya ja baya in ruga in zaro in dawo. Na tattare zani. Na ruga. Na kama ta, na zaro, har na juya.

Ban ga wanda ya buge ni ba. Ƙara kawai na ji a bayana kamar katanga ta faɗi, sai ga ni a ƙasa, sama ta koma ƙasa, gishiri a hanci, yashi a baki. Na yunƙura in tashi, sai yashin da ke ƙarƙashina ya fara gudu. Wallahi gudu yake, da ni a kansa. Ina kafa yatsu suna nutsewa, ina jin ana ja na ta ƙafa kamar an ɗaura mini igiya. Na buɗe baki in kira Inna, ruwa ya shiga. Abu ɗaya na sani, ban saki sandar ba, ban kuma san dalili ba.

Sai na ji an fizge ta daga ɗaya bakin.

Kawu ne. Tsohon da ko hawa babur sai an tallafa masa, ya yanke salla, ya gangaro, ya shigo har ƙugu da babbar rigarsa. Ya ja sandar, ni ina maƙale da ita kamar kifi, har ya kai ga wuyan hannuna ya damƙe. Hannu ɗaya ni, hannu ɗaya sanda. Na ɗaga ido na ga wani ruwan ya taso a bayanmu, ya fi na farko, ya yi tsaye kamar gini. Na ga Kawu ya gan shi. Na ga ya dubi sandar. Bai daɗe ba, ƙiftawar ido ce, amma na gani. Ya buɗe hannu ya sake ta, ya rungume ni da hannu biyu, ya juya wa ruwan baya.

Sauran ban san shi sosai ba. An ce wasu masunta da ke gyaran taru kusa suka rugo da igiya suka jawo mu tare, don sun kasa ɓamɓare hannunsa daga jikina. Na farfaɗo kwance a yashi ina amayar da teku. Waya ta tafi, kallabi ya tafi, hular Kawu ta tafi. Shi yana zaune kusa da ni, gemu na ɗiga, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Masunta sun kewaye mu suna ta faɗa da yarensu. Da ya sami numfashi, abin da ya fara fitowa bakinsa, da iyakar ƙarfinsa, yana nuna teku:

"WA YA BUƊE?"

Ya juyo gare ni. "Tashi ki tambaye su wa ke da rabon yau! A bar ruwa haka ba mai tsaro, ba makulli? Garin nan ba su da shugaba?"

Ina kuka, ina tari, ina mayarwa da Faransanci, don ban san abin da zan yi ba in ba haka ba. Wani tsoho cikin masuntan ya saurara har ƙarshe, ya nuna sama da yatsa. Kawu ya bi yatsan da kallo. Ya sauke murya ya ce, "To. In Shi ne, ba ni da magana."

Ya daɗe yana duban inda sandar ta bi. Na ce, "Kawu ka yafe mini." Ya ce, "Mi kika yi? Awo ta tahi. Aikin da yawa, za ta daɗe." Sannan ya ƙara, "Sallar da na yanke dai ke za ki rama mini."

Ana haka sai ga Yaya Lawali da sababbin takalma, ya gan mu jiƙe sharkaf, ya ɗora hannu a ka zai fara salati. Kawu ya ce, "Zamna. Hajo ba za ta ji wanga ba. Kai ka yi shiru kan ruwa, ni in ɗauke maka gudun mesa. Za a tambayi sanda, sai in ce can na yar da ita." Yaya Lawali ya ce, "Baba, za a yi maka dariya fa." Ya ce, "Dariya ba ta hana yarinya karatu. Hajo na hanawa."

Ko kwana ɗaya ba mu yi da dawowa ba Baba Shaibu ya hawo babur daga Tsibiri, wai ya zo gaida matafiya. Bai ko zauna ba ya ce, "Kai Mati, ina matarka ta fari? Ina sandar?" Kawu ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ya ba shi labari. Ranar mesar tsawon tabarma ce. Da sati ya zagayo ta kai tsawon kanal ɗin layin gabas. Kafin a yi girbin gero ta haɗiye akuya a gabansa, ta bi shi har bakin mota, ya tsallake katanga biyu. Baba Shaibu ya laƙaba masa Mati Gudun Mesa, sunan ya bi kasuwa. In an kira shi da shi, amsawa yake, har ya nuna yadda ya tattare riga.

Amma ni na ga abin da ba ku gani ba. Na je masa kwana biyu a Jiratawa. Da safe in zai fita sai hannunsa ya tafi bayan ƙofa shi kaɗai, ya dafa bango, ya dawo. An kawo masa sanduna har uku, ya ce wannan ta yi nauyi, wannan ba ta da kunya, wannan ba ta san ruwa ba. Da karan dawa ya riƙa yawo. Tarin nan kuma da ya taso da shi daga yashin Wida bai sake shi ba. Likita ya ce ciwon ƙirji ne na tsufa da sanyin kanal na shekaru, ba ruwan teku ba ne. Na tambaye shi sau biyu. Ina ƙoƙarin in yarda.

Ni kuma na dawo wata iri. In aka juye bokiti a bayana sai in zabura. Wanka da ƙaramin moɗa nake yi, a zaune. In mota za ta hau gadar Gulbi sai in rufe ido in toshe kunne. Inna ta karɓo mini rubutu, shi ma ruwa ne, sai na runtse ido nake sha.

Da aka kwantar da shi asibiti a Maradi aka sa masa ƙarin ruwa. Na shiga na same shi ya ƙura wa robar ido, yana bin ɗigon da leɓe. Ma'aikaciyar ta shigo, ya ce, "Ɗiyata, wa ya buɗe?" Ta ce ita ce. Ya ce, "Ya kai tsaga ta uku tun ɗazu. Rufe ki kai wa na gadon can, ya hi ni yaushi." Ta yi dariya har ta dafa gado. Da ta fita ya yafito ni.

"Balki, in na tahi ki faɗa in kina so. Hajo ta yi faɗanta, ni na yi nisa."

Kwana biyu bayan nan ya cika.

Yau da safe, kafin in ɗauki alƙalami, na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata komai. Na gama ina jiran a nuna mini gindin turmi. Ba ta daina tankaɗen ba.

Ta ce, "Ke da kawunki kun ɗauke ni sakarya. Na kwance miki kitso na fidda yashin da zai cika ludayi. Zaninki sau uku ina wanke shi yana fidda gishiri. Kuma Mati ne zai guje wa maciji? Mati da tun muna yara shi ake kira in an ga maciji a rumbu?"

Na ce, "Inna, kin sani? To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ga yana jin daɗin ƙaryarsa, mesa kullum ƙara tsawo take." Ta ajiye rariya. "Kuma in na buɗe baki kuka zan yi a gabansa. Kin san shi da a zubar da ruwa."

Sai a lokacin ta yi, ni ma na yi, babu mai tambayar wa ya buɗe. Da muka gaji ta share fuska da bakin zani ta ce in shirya kayana. Ta ce wanda ya saki sandar nan bai sake ta don in zauna ɗaki ba. Amma in na je Yamai, ko wankin hannu na yi a kogi, ta ji.

To jama'ar Jiratawa, sanda tana teku, sai wanda zai gaje shi ya sassaƙa tasa. Baba Shaibu, na san kai ma da ƙauna kake yi, amma sunan nan ka mayar wa mai shi, yana Kwatano da sababbin takalma.

Allah ka ji ƙan Kawu Mati. Ya shiga ƙofar Wida ya komo sau bakwai, ya shiga teku ya komo da ni, wannan karon ya shiga wadda ba a komowa da gaske. Allah ka sanyaya masa makwanci kamar gonar da aka ba ta rabonta da safe. Ka yafe masa sallar da ya yanke, na rama, in ba ta isa ba zan ƙara. Ka shayar da shi daga Alkausara, inda ba tsaga ta uku, ba a rufewa. In ya tsaya a bakinta ya tambaya wa ya buɗe, a gaya masa Mai ruwan ne da kansa, kuma yau rabonsa ne.

Amin.